Hamsta: Yadda Za A Gyara Masa Makewayi Da Rumbu

A wannan mako za mu ɗan ajiye maganar shuka da taki, mu duba wani ɗan taliki dangin ɓera wanda Turawa ke kira hamsta. Ba a kiwonsa don nama. A Ingila da Amurka yara ne ke ajiye shi cikin keji don sha'awa, kamar yadda namu su kan ajiye tantabara ko ɓeran Masar. A kan same shi kuma wurin masu sayar da dabbobin sha'awa a manyan birane irin su Ikko da Abuja. Wanda duk ya saye shi, kafin wata guda sai ka ji yana kuka da abu biyu: kejin ya yi zarni, abinci kuwa ko nawa aka zuba sai ya ɓace. Duka biyun maganinsu ɗaya ne, watau a san yadda yake zaune a raminsa na daji.

Wanda aka fi kiwo, mai launin zinariya, ɗan ƙasar Siriya ne. Tsawonsa wajen inci 6, wutsiyarsa guntuwa ƙwarai, ya kan yi shekara 2 ko 3 a duniya. A shekarar 1930 wani malamin jami'a daga birnin Ƙudus, Israel Aharoni, ya sa aka haƙa wani rami a gonar alkama kusa da birnin Halab, aka tarar da uwa da 'ya'yanta. Yawancin masu launin zinariya da ke cikin keji yau zuriyar wannan ɗaki ne. An kai su Ingila a 1931, Amurka kuwa a 1938.

Manomi ba zai sha wahalar gane halinsa ba, gama ya san gafiya. Gafiya tana da jaka a kumatunta, ta kan cika su da gyaɗa ko dawa ta kai rami. Shi ya sa a ke cewa, gafiya tsira da na bakinki. Hamsta ma haka yake, jakunkunan nasa har kafaɗa suke kaiwa, in ya cika su sai ka ce jaki da mangala. Ba 'yan'uwa ne na kusa ba, amma Baturen da ya raɗa wa hamstan Siriya sunan littafi a 1839, George Waterhouse, shi ne ya raɗa wa gafiya nata a 1840, ma'anar sunan nata kuwa ɓera mai kama da hamsta.

A 1997 da 1999 waɗansu masana daga Jamus sun je kewayen Halab sun tona ramummukansa. Sun tarar da ɗakin kwana a zurfin wajen ƙafa 2, da hanyoyi inda yake tara abinci, da wani ɗan lungu marar mafita inda yake fitsari. Kashi kuwa a warwatse yake ko'ina cikin ramin. To, kun ga ashe ba koya masa tsabta za a yi ba, da ita aka haife shi. Aikin mai kiwo shi ne ya ba shi wuri uku ɗin nan cikin keji, ya bar shi ya raba su da kansa.

Ga yadda za ka yi. In ka kawo shi gida, kada ka yi hanzarin sa masa makewayi. Ka bar shi kwana uku ko huɗu, kana dubawa. Za ka ga ya zaɓi kusurwa ɗaya, galibi wadda ta fi nisa da wurin kwanansa, nan ne shimfiɗa za ta jiƙe. Fitsarinsa mai kauri ne, fari-fari, in ya bushe ya kan bar tabo kamar alli. Wannan ba ciwo ba ne, dabbar ƙasa mai ƙarancin ruwa ce. A wannan kusurwa da ya zaɓa za ka ajiye makewayin, ba inda kai ka ga ya fi kyaun gani ba. Ɗan kasko mai nauyi ya isa, wanda zai iya shiga ya juya a ciki, bakinsa kuma ba tsawo. Gwangwanin kifi kam a'a, bakinsa na yanka. Ka samo rairayi, ka tankaɗe, ka wanke har ƙura ta fita, sa'an nan ka soya shi a tukunya ba mai, don ƙwari su mutu. In ya huce ka zuba kamar inci guda. Kada ka sa toka, kada ka sa irin ƙasar makewayin kyanwa ta kanti mai dunƙulewa in ta jiƙe, don in ya haɗiye ta sai ta toshe masa hanji.

Sauran dabara ɗaya, ita ce babba. Ɗebi kaɗan daga shimfiɗar da ya jiƙa, ka ɗora bisa rairayin. Hamsta ba ya gani sosai, da hanci yake tafiya, inda ya ji warin fitsarinsa nan zai koma. Da magariba, lokacin da ya kan farka, ka ɗauke shi a hankali ka sa shi cikin kaskon sau ɗaya. In ya fita, ƙyale shi. Waɗansu kwana biyu sun gane, waɗansu sai sun yi mako biyu. In ka ga ya sake kusurwa, bi shi da kaskon, ka wanke tsohon wurin da ruwan zafi. Tsawa da bugu ba su da amfani ko kaɗan, sai dai su koya masa cizo. Wani kuma sai ya mai da kaskon wurin birgima, don da rairayi yake wanka, ba da ruwa ba. Wannan sai ka ba shi kasko na biyu.

Kowace safiya ka kwashe rairayin da ya jiƙe, ka bar ɗan kaɗan don wari, mako-mako ka sake shi duka. Kashi kam kada ka wahalar da kanka, ba zai tara shi wuri ɗaya ba. Busasshe ne, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, ba shi da wari. In ka ga yana cin waninsa kada ka yi mamaki, zomo ma yana yi, don ya sake tatsar amfanin abinci. Amma in ka ga gindinsa a jiƙe yana zawo, musamman ƙarami, maza ka kai shi wurin likitan dabbobi, wannan ciwo ya kan kashe cikin kwana biyu. Ka wanke hannu da sabulu duk lokacin da ka taɓa kejin.

Yanzu sai rumbu. Jamusawa har kalma suka ciro daga sunan hamsta, mai nufin ɓoye kaya don gudun rashi. Ka cika masa kwano, ka juya baya, ka tarar wayam. Wanda bai sani ba sai ya ce yunwa ce, ya ƙara, shi kuwa ɗan talikin kwasa yake yi yana kaiwa ƙarƙashin shimfiɗa. Babban cokali ɗaya na busasshen abinci ya ishe shi yini da kwana: gero, dawa, alkama, ɗan masara, ko haɗin da a ke sayarwa dominsa. Kafin ka ƙara, ɗaga shimfiɗa ka duba abin da ya tara.

A nan ne mutane da yawa ke kuskure. Sai su ga tarin hatsi, su ce ƙazanta ce, su share shi kaf. Ka tuna yadda za ka ji in ka wayi gari ka tarar an kwashe rumbunka an share wurin tas. Shi ma hankalinsa tashi yake yi, ya ƙara ƙaimi wajen ɓoyo. Masu kiwonsa sun lura har ya kan shiga yi wa sabon tarin fitsari don ya sa masa alama, ka ga aikin makewayin da ka yi ya rushe ke nan. A ganina busasshen hatsi a bar masa abinsa. In ranar babbar shara ta zo, ka ɗebe tarin a gefe, ka mai da mai kyaunsa daidai inda ka same shi, tare da rabin tsohuwar shimfiɗa. In fitsari ya ɓata shi, zubar, amma ka zuba sabo kaɗan a wurin.

Abin da za ka cire kullum shi ne ɗanye: karas, kokwamba, kabeji, ko guntun dafaffen ƙwai. Ka ba shi kamar girman farcenka, da yamma, don ya cinye nan take, da safe ka binciko saura. A ƙasar zafi yini ɗaya ya isa ya ruɓe, ya jawo kiyashi da kyankyaso. Da damina kuwa har busasshen ma a duba shi, gyaɗa da masara musamman, saboda fumfuna. Fumfunar gyaɗa guba ce mai lalata hanta. Ita ce ta kashe talotalo wajen 100,000 a Ingila a 1960, daga garin gyaɗa da aka kawo daga Burazil. Abin da ya ka da talotalo, ina ɗan inci 6?

Alewa da nakiya da cakulan da duk wani abu mai danƙo kada su kusance shi, don su kan manne cikin jakar kumatu, wurin ya ruɓe. Haka nan albasa da tafarnuwa da ɗanyen wake. In ka ga kunci ɗaya ya kwana a kumbure bai saɓe ba, aikin likita ne.

Macen da ta haihu, cikinta kuwa kwana 16 ne kacal, ita ba a taɓa mata rumbu ko shimfiɗa sai bayan mako biyu, gama in ta firgita ta kan cinye 'ya'yan. Ka ƙara mata abinci, ka sake rairayin makewayi kaɗai. Kejin kuma a ajiye shi a ɗaki mai sanyi da iska, don zafin bazara na kashe shi, a rufe shi da kyau, nesa da buhunan hatsi. Ƙasar Ostareliya ta hana shigo da shi sam, don gudun kada ya kuɓuce ya zama ɓarnar gona.