Ɗanyen Katako Ya Ci Mini Kuɗin Abinci

'Yan uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa karatu a kan katifa ya san yadda take ƙarewa: ka buɗe littafi, kafin minti goma barci ya sace ka. Shi ya sa a hutun damina na ƙudura haɗa teburin karatu da hannuna a gidanmu da ke Tsibiri. Na tsakuro daga kuɗin abinci, na sayo katako a Talata Mafara ranar kasuwa, na aro zarto, guduma da tef ɗin awo wurin wani dattijon kafinta.

Aikin bai gagare ni ba. Ƙafafu huɗu na tu-bai-tu, kowace inci 29, idan an ɗora saman mai kaurin inci 1 tsayi ya zama inci 30, daidai zaman rubutu. Saman kuwa falle biyu ne, na shafa gam na haɗa su gefe da gefe. Don in tabbatar bai karkace ba, na auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, na sake auna ɗaya ɓangaren. In awon biyu ya zo ɗaya, aiki ya miƙe.

Hunturu na shigowa a Disamba, sai teburi ya fara magana da dare. Kafin Janairu, tsakiyarsa ta tsage har biro na faɗawa, saman ya lanƙwashe kamar akushi. Na koma wurin dattijon, ya dube shi ya yi dariya: "Ɗana, icce ɗanye ka saya. Ba a yi mai gaugawa."

Ga darasin. Itace na shan danshin iska, yana kuma sakinsa. Idan ya bushe yana tsukewa ne ta faɗi, ta tsawo kuwa kusan ba ya motsi. Katakon da aka sara da damina cike yake da ruwa. Iskar hunturu ta zuƙe ruwan, falle ya ja jiki, ƙusa ta riƙe shi, dole ya tsage. Masassaƙan turmi da allo sun san wannan tun kaka da kakanni.

Kafin ka biya kuɗi, ɗaga katakon: ɗanye ya fi nauyi, yana da sanyi a tafin hannu, garinsa na dunƙulewa idan an yanka. In ka kai gida, jera shi a inuwa inda iska ke ratsawa, ka sa 'yan sanduna tsakanin falle da falle, ka danne da duwatsu. Kada ka shanya a rana, bakinsa zai fashe. Ka ba shi makonni, ba kwanaki ba. In ka gama aiki, goge da samfefa, ka shafa fenti sama da ƙasa. Shafe fuska ɗaya kawai shi ke sa lanƙwasa. Ƙasan ƙafafu kuma a shafa baƙin mai saboda gara.

Teburi na biyu daga tsohon katakon na fitar da shi, tunda ya riga ya bushe. A kansa nake rubuta muku wannan. Wallahi wata guda na yi ina shan garin kwaki kafin in farfaɗo, don haka ku koya a aljihuna, kada ku koya a naku.