Japce: Taliyar Mutanen Koriya Da Yadda Za Ta Amfani Mai Juna Biyu

Uwargida, idan ciki ya sa abincin da kika saba ci ya gundure ki, ga wani girki daga ƙasar Koriya da za ki iya gwadawa a gida. Sunansa japce, ma'ana haɗaɗɗen ganye. Tun a ƙarni na 17 ake cin sa a fadar sarakunansu, kuma a lokacin ganye ne zalla. Sai a ƙarni na 20 aka fara sa masa taliya. Yau da wuya a yi biki a Koriya ba a kawo shi ba.

Taliyar da ake yin sa da ita ba ta alkama ba ce. Da sitacin dankali mai zaƙi, wato dankalin Hausa, ake yin ta, shi ya sa idan ta dahu takan yi garau kamar gilashi. Ana samun ta a manyan kantuna, idan kuma ba ki samu ba, siririyar taliyar shinkafa za ta wadatar. Sai dai ki sani ita wannan taliya kusan sitaci ce zalla. Tana ƙosarwa, amma ba ta ƙara jini. Amfanin girkin yana cikin nama da ganyen, don haka su ne ya kamata su fi yawa a farantinki.

Don mutum huɗu, ki tanadi taliya giram 200, jan naman sa marar kitse giram 250, alayyahu dami guda, karas biyu, albasa, tattasai, tafarnuwa, ƙwai biyu, riɗi da man riɗi, da ruwan waken suya mai gishiri da ake kira soya sos. Koriyawa suna sa laimar kwaɗi irin wadda ake nomawa don ci. Idan ba ta kanti ba ce, ki bar ta. Kada a tsinko ta daji.

Ki yanka naman siri-siri, ki cuɗa shi da cokali guda na soya sos, tafarnuwa da ɗan man riɗi, ki ajiye. A wasu girke-girken ana sa giyar shinkafa a nan. Ba a buƙatarta. Ki wanke wuƙa, katako da hannuwanki da sabulu kafin ki taɓa ganye. Ki wanke alayyahun sosai, ki tsoma shi a tafasasshen ruwa na minti guda, ki matse. Taliyar kuma ki dafa ta minti 6 zuwa 7, ki tace, ki rage tsawonta da almakashi mai tsabta, ki zuba mata ɗan man riɗi don kada ta manne.

Sirrin japce shi ne kowane abu daban ake soya shi. Albasa, karas da tattasai kowanne ya samu minti biyu a ɗan mai kaɗan, yadda ba zai yi lugub ba. Nama kuwa ba a yi masa gaggawa. Ki soya shi har sai babu sauran ja a cikinsa, domin naman da bai dahu ba yana iya ɗauke da ƙwayar cutar toksoplasma, wadda kan cutar da jariri tun yana ciki. Ƙwan ma ki soya shi ya dahu sarai, ki yayyanka. Daga nan sai ki haɗa komai a babban kwano, ki ƙara cokali biyu na soya sos da ƙaramin cokali na sukari, ki juya, ki barbaɗa soyayyen riɗi.

Jan nama yana da sinadarin ayon wanda jiki ke saurin ɗauka, alayyahu yana da folet, tattasai kuma yana da bitamin C da ke taimaka wa jiki ya tsotsi ayon ɗin ganye. Shayi yana rage wannan tsotsa, don haka ki jinkirta shi da kamar awa guda bayan cin abinci. Duk da haka girkin ba zai maye gurbin maganin ƙarin jinin da ake ba ki a wurin awo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta sha ayon miligiram 30 zuwa 60 da folik asid maikirogiram 400 kullum.

A kula da gishiri. Babban cokali guda na soya sos yana ɗauke da kusan rabin gishirin da ya kamata babba ya ci a yini, wanda bai kamata ya kai giram 5 ba. Saboda haka kada ki ƙara gishiri ko ɗanɗano na dunƙule. Mai hawan jini ta rage soya sos ɗin, mai ciwon sukari na lokacin ciki kuma ta bar sukarin, ta ɗebi taliya kaɗan, ta kuma tambayi ma'aikaciyar lafiya adadin da ya dace da ita.

Koriyawa kan ci japce ko da ya huce. Ke dai ki ci shi da zafinsa. Abin da ya rage a sa a firji kafin awa biyu, a ɗumama shi har ya yi tururi kafin a sake ci. Idan babu wutar lantarki, ki dafa daidai wanda za a cinye.