Yadda Ake Tantance Nau'in Ƙaguwa a Ƙoramun Tsibirai

Ƙaguwar ruwan daɗi ta asali ita ce wadda take ƙare rayuwarta kakaf ba tare da ta nemi teku ba. Macen takan yi ƙwai manya-manya marasa yawa, ta riƙe su a ƙarƙashin cikinta har su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su fito da cikakkiyar surar ƙaguwa. Ta teku kuwa dubban ƙananan ƙwai take yi, tsutsotsin da suka fito su bi igiyar ruwa su yi nisa. Wannan bambancin ne ya hana ta ruwan daɗi yaɗuwa. Inda aka haife ta nan take zama, nan jikokinta za su zauna. A tsibiri mai tsaunuka, tudu guda tsakanin ƙorama biyu ya isa ya raba zuri'a, idan zamani ya yi tsawo kowane ɓangare ya zama nau'i mai zaman kansa.

An san fiye da nau'i 1,300 a duniya, kuma tsibiran ƙasashe masu zafi suna da kaso mai tsoka a ciki. Kafin 1994 nau'i takwas kacal aka sani a Siri Lanka. Da aka bi ƙoramun tsibirin ɗaya bayan ɗaya, kafin shekara goma sha biyu adadin ya kai 51, hamsin daga cikinsu babu su a ko'ina sai can. Masana suna jera su hawa uku: nau'o'i masu kusanci su haɗu a gida ɗaya, gidaje su haɗu a dangi ɗaya. Aikin mai tantancewa shi ne ya sauko daga dangi zuwa gida, daga gida zuwa nau'i.

Tambayar farko ita ce ko ƙaguwar da aka kama ta ruwan daɗi ce ta asali. Ba duk wadda aka gani a ƙorama ba ce take cikin wannan lissafi. Varuna litterata, alal misali, mai shimfiɗaɗɗen baya da ƙafafu masu gashi na iyo, tana hawowa koguna daga gabashin Afirka har tsibiran tekun Fasifik, amma a teku take haihuwa. Jamaika kuma labarinta daban ne. Ƙaguwoyin ƙoramunta 'yan dangin Sesarmidae ne, waɗanda kakanninsu na bakin teku ne. Binciken ƙwayoyin gado da aka buga a 1998 ya nuna cewa kusan shekara miliyan huɗu da suka wuce suka fara rabuwa da teku, har ɗaya daga cikinsu, Metopaulias depressus, ta koma renon 'ya'yanta a ruwan saman da ke taruwa tsakanin ganyen wasu tsirrai. Wanda ya ɗauki jagorar tantancewa ta dangin da ba nasu ba ya nemi sunansu a ciki, ɓata lokacinsa zai yi.

Kafin a shiga ruwa ana neman izinin hukumar da ke kula da dazuzzuka ko namun daji, musamman idan za a fitar da samfuri zuwa wata ƙasa. Da rana ana ɗaga duwatsu a hankali daga ƙasan ƙorama ana haurawa sama, don kada ruwan da aka gurɓata ya rufe inda ba a duba ba, a kuma tara raga a bayan dutsen domin ƙaguwar ruwa take bi idan ta firgita. Kowane dutse a mayar da shi yadda aka same shi. Da dare aka fi samun sa'a, lokacin da suke fitowa kiwo, ana haska gefen ruwa da tocila. Wasu ba sa cikin ruwan ma sam: suna ramuka a laka, ko cikin tarin ganyen da ya ruɓe, ko kogon dutse, ko kogon bishiya mai ruwa. Abin da aka fi nema shi ne babban namiji. Ana gane shi idan aka kifar da ƙaguwar: cikin namiji siriri ne a naɗe a ƙirjinsa, na mace mai faɗi ne, kusan ya rufe ƙirjin duka. 'Yan kaɗan ake ɗauka, mace mai ɗauke da ƙwai ko 'ya'ya a ɗauki hotonta a sake ta.

Tun a bakin ƙorama ake rubuta sunan wurin, da lambobin GPS, da tsayinsa daga teku, da kwanan wata, da yanayin ruwan: mai gudu ne ko kwantacce, ƙasansa yashi ne ko dutse, akwai inuwa ko babu. Takardar da fensir ake rubuta ta, a jefa ta cikin kwalbar tare da ƙaguwar, domin tawada tana narkewa, abin da aka manna a waje kuma yana ɓallewa. Samfurin da ba a san ƙoramarsa ba ya rasa rabin amfaninsa. Hoto ma tun tana da rai ake ɗauka, don ja da shuɗi da ruwan goro duk suna kodewa a kwalba. Sannan a sanya ta cikin ƙanƙara har ta sandare. Idan aka tsoma ta a sinadari da ranta takan karkaɗe ƙafafu da awartakinta, a wayi gari da gangar jiki daban, gaɓoɓi daban. Jikin ana adana shi a itanol mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari, a cire ƙafa ɗaya a ajiye a mai kashi 95 saboda gwajin DNA.

A ɗakin bincike ana fara auna faɗin ƙoƙon baya da tsawonsa da milimita. Daga nan a duba siffarsa: a tashe yake ko a shimfiɗe, sumul ko mai ƙurarraji, tudun da ya ratsa bayan idanu mai kaifi ne ko ya dushe, haƙora nawa ne a gefen ƙoƙon. Waɗannan alamu suna rage yawan sunayen da ake zargi, amma ba sa yanke hukunci. Nau'o'in da ba su haɗa komai ba sukan yi kama idan rayuwarsu iri ɗaya ce. Masu haƙa rami galibi ƙoƙonsu a kumbure yake, mazauna ƙarƙashin dutse a ruwa mai gudu nasu a shimfiɗe, masu hawa bishiya da mazauna kogo ƙafafunsu dogaye. Girma ma yana sauya kamanni, domin awartakin tsohon namiji yakan ƙasaita a gefe ɗaya har a zaci wani nau'i ne.

Dangi a baki ake gane shi. A jikin muƙamuƙin ƙaguwa akwai wani ɗan yatsa ƙarami da sai an ɗaga sassan bakin da allura, a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ake ganinsa. Tsibirin Singafo ya isa misali, domin manyan dangogin Asiya biyu duk suna can. A dangin Potamidae gaɓar ƙarshe ta wannan yatsa guda ce, cikin namiji kuma mai kusurwa uku. A dangin Gecarcinucidae gaɓar ta rabu biyu, cikin namiji yakan tsuke a tsakiya ya yi siffar harafin T. Da wannan kaɗai za a raba Johora singaporensis, 'yar dangin farko, da Irmengardia johnsoni da Parathelphusa reticulata, 'yan dangi na biyu, ukun da babu su a ko'ina sai Singafo. Sanin yankin ma yana taimakawa: duk na Siri Lanka Gecarcinucidae ne, na tsibiran Sao Tome da Firinsife kuwa Potamonautidae ne, dangi ɗaya da Sudanonautes na ƙoramun Najeriya da Kamaru.

Hukuncin nau'i yana ƙarƙashin cikin namiji. Idan aka buɗe shi za a ga wasu tsinkaye huɗu, biyu a kowane gefe, waɗanda yake barbara da su. Masana suna kiran na gaba G1, na baya G2. G1 mai kauri ne, yana da kwari a jikinsa, G2 siriri ne yana shiga kwarin ya tura maniyyi. Siffar G1 ba ta bin yanayin ƙorama yadda ƙoƙon baya yake bi, saboda haka tana nuna asali, kamar yadda tsagen fuska yake nuna gidan mutum ko da ya sauya tufafi. Richard Bott na gidan adana halittu na Senckenberg a Jamus shi ne ya ɗora tsarin rarraba waɗannan ƙaguwoyi a kan wannan gaɓa, a aikinsa na 1955 kan na Afirka da na 1970 kan na Turai da Asiya da Ostareliya. An sauya rabe-rabensa da yawa daga baya, amma hanyar ta tsaya.

Ana cire G1 da G2 na gefe ɗaya da ɗan hantsaki mai tsini, a sa su a ƙaramin faranti mai itanol, a duba ta sama da ta ƙasa. Abin lura shi ne tsawon gaɓar ƙarshe idan aka gwada ta da ta ƙasanta, ko a miƙe take ko ta lanƙwasa, ciki ta nufa ko waje, bakinta mai tsini ne ko a dakushe, tana da tudu ko gashi. A G2 tsawon zaren ƙarshe ake dubawa. Kwanciyar gaɓar a farantin tana da muhimmanci ƙwarai, domin ɗan juyi kaɗan yana iya mayar da miƙaƙƙiya lanƙwasasshiya a ido, kuma an sha samun saɓani tsakanin zane biyu na nau'i ɗaya saboda haka. Na ƙaramin namiji bai gama ƙira ba, ba a dogara da shi. Idan mata kaɗai aka samu, ana duba girma da mazaunin kafofin haihuwarsu, amma sau da yawa a sunan gida ake tsayawa har a samu namiji. Bayan an zana, sai a sa gaɓoɓin a 'yar ƙaramar kwalba a mayar cikin babbar.

Da zanen a hannu ake bin jagorar tantancewa ta yankin, wadda take tambayoyi bi-biyu har ta kai ga suna. Sunan da ta bayar zato ne, sai an gwada shi da bayanin wanda ya fara raɗa sunan, da kuma samfurin asali da ke ajiye a gidan adana halittu, irin na Landan ko Faris ko na Lee Kong Chian a Singafo.

Gwajin DNA yana zuwa ne a matsayin shaida ta biyu. Ana karanta wasu sassa biyu da aka fi amfani da su, COI da 16S, a gwada da na rumbun GenBank. A tsibiran Seshel an daɗe ana ɗaukar Seychellum alluaudi nau'i guda, sai DNA ya nuna zuri'a uku a tsibirai daban-daban, aka koma kan gaɓoɓin aka sake dubawa, a 2014 aka raɗa wa biyu sababbin sunaye. Sai dai rumbun yana ɗauke da bayanan samfuran da aka yi wa kuskuren suna tun farko, kuma mazauna ƙoramu biyu na nau'i ɗaya ma sukan ɗan bambanta. Masana masu taka-tsantsan ba sa ayyana sabon nau'i sai DNA da siffar G1 da wurin zama sun yi ittifaƙi.

Idan ta tabbata sabuwa ce, ana zaɓar babban namiji guda ya zama samfurin da sunan zai rataya a kansa, a ba shi lamba a gidan adana halittu. Suna biyu ake bayarwa da sigar Latin, na gida da na nau'i, bisa dokar raɗa wa dabbobi suna ta ƙasa da ƙasa. Ana buga bayanin a mujallar kimiyya tare da zane da awo da abin da ya raba ta da 'yan gidansu. Tun 2012 an yarda da bugu na intanet zalla, da sharaɗin an yi rajista a ZooBank. Wani masani, Peter Ng, shi ne a 1986 ya raɗa sunan Johora singaporensis, ƙaguwar da faɗinta bai wuce santimita uku ba, wadda aka sani a 'yan ƙoramun tuddan Bukit Timah da Bukit Batok da Bukit Gombak. Daga bayanan wurin zama irin waɗannan ƙungiyar IUCN take auna haɗarin ƙarewar kowane nau'i, kuma ta sanya wannan ƙaguwa a matakin haɗari mafi tsanani ga halittar da har yanzu take raye a daji.