Darasi: Guguwar Katrina da amanar da aka tozarta

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, iska runduna ce daga rundunonin Allah. Da ita ya halaka Adawa, ta yi dare bakwai da wuni takwas tana kaɗa su, kamar yadda Suratul Haƙƙa ta ba mu labari. Darasinmu na yau a kan wata guguwa ce ta zamaninmu.

Ranar 29 ga watan Agusta 2005, guguwar da ake kira Katrina ta taso daga teku ta faɗa wa jihar Luwiziyana ta ƙasar Amurka, tana gudun kusan kilomita 200 a awa. Ta turo ruwan teku a kan birnin Niyu Olins, wanda babban sashensa ya fi teku ƙasa, ganuwar tare ruwa ce kaɗai ke kāre shi. Ganuwar ta fashe a wurare fiye da 50, ruwa ya rufe kusan kashi 80 cikin 100 na birnin. Mutane fiye da 1,300 suka rasu, asarar dukiya kuwa ta kai kusan dala biliyan 125.

Darasi na farko: babu ƙasar da ƙarfinta ko dukiyarta za su tare hukuncin Allah.

Na biyu: binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa an yi kuskure wajen tsara ganuwar da gina ta. Aikin jama'a amana ne, kuma wanda ya yi masa sakaci ba ya da damar fakewa da ƙaddara. Manzon Allah (S.A.W.) ya umurci mai raƙumi ya ɗaure shi, sannan ya yi tawakkali.

Na uku: an yi shelar kowa ya bar birnin, amma talakawa da yawa ba su da motar gudu, kuma tsofaffi sun yi yawa cikin mamatan. Mu tambayi kanmu: in ruwa ya shigo unguwa da dare a damina, wa zai ɗauki tsohuwar maƙwabciyarmu? Wa ya toshe magudana da shara? Wa ya sayar da fili a kan hanyar ruwa?

Allah ya kiyashe mu daga bala'i, ya ba mu ikon riƙon amana. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.