Hannun Da Ya Taɓa Ɓera

Jama'a, wannan takarda an yi ta ne domin masu ajiye maciji a gida, wato gardawan da ke yawo da akwati kasuwa-kasuwa daga Obi zuwa Agwatashi da Daddere har Lafiya, da samarin da kan tsinci 'yar mesa a gonar doya su kawo gida su ce kiwo za su yi. Ba mu zo yin gardama da kowa a kan asirin da ya gada ba. Abin da muke so a sani shi ne, babu sa'ar da ta fi hatsari ga mai maciji kamar sa'ar ba shi abinci.

Maciji ba kare ba ne, bai san ubangida ba. Da harshe yake sansana, shi ya sa kullum kake ganinsa yana zaro shi. Mesa kuma tana da 'yan ramuka a leɓe da take jin ɗumin jiki da su, ko da cikin duhu. To, hannun da ya riƙe ɓera, ga warin ɓera, ga ɗumi, ga motsi, a wurinta ɓera ne. Na taɓa ganin wani yaro ya buɗe akwati da ɓera a hannu, ya ajiye ɓeran, ya zura hannun zai gyara kaskon ruwa. Kafin ya ce me, ta cafke shi. Mesa ba ta da dafi, amma haƙoranta a lanƙwashe suke zuwa ciki kamar ƙugiya, da ya fizge sai fata ta yage har wuyan hannu. Da ya daure aka kwarara mata ruwan sanyi a ka, da ta saki don kanta.

Saboda haka a wanke hannu da sabulu kafin a buɗe akwati, a miƙa abincin da dogon awartaki irin na maƙera, a kori yara daga wurin. Kada a jefa ɓera mai rai a tafi a barshi. Mutane suna mamakin wannan, amma macijin da ba ya jin yunwa kwanciya yake yi, ɓeran kuwa ya yi ta gwaguyar bayansa har ƙashi ya fito. Mushen ɓeran da aka tsinta kusa da rumbu ma a guje shi, domin wataƙila maganin ɓera ya ci, gubar kuwa tana nan cikinsa.

Abincin kada ya wuce kaurin tsakiyar jikin macijin. Ƙarami ya ci sau ɗaya a mako, babbar mesa kuwa kwana 10 zuwa 14 ya ishe ta. In ya haɗiya, a ƙyale shi kwana biyu ko uku, ba ɗauka ba wasa, in ba haka ba zai amayar. Nan ne gardi ke cutar kansa, ya ciyar da dare, da safe ya ɗauka sai kasuwa. Lokacin hunturu cinsa yakan ragu, haka in idonsa ya yi fari zai yi saɓa. Ba ciwo ba ne, kada a yi masa ɗura. Biyu kuma ba sa ci a akwati ɗaya, sukan kama ɓera guda, babban ya haɗa da ƙaramin ya haɗiye.

Masu dafi kuwa, kasa da gamsheƙa da kububuwa, wadda ba a banza aka yi mata laƙabi da "gobe da nisa" ba, shawararmu kada a ajiye su sam. Mai cewa ya cire haƙori ya sani wani yana tsirowa cikin 'yan makonni. Kumurci ma ba sai ya sara ba, daga nesa yake feso dafi a ido, kuma maganin farko shi ne a yi ta wanke idon da ruwa mai yawa nan take.

Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi sakaci da su. Asibitin Kaltungo a Jihar Gombe da na Zamko a ƙasar Langtang sun yi suna wajen allurar kashe dafi. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya. A cire zobe da agogo kafin kumburi, a hana mutumin tafiya da ƙafa, a ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa, a faɗa wa likita irin macijin da sa'ar da ya yi saran.