Na Ajiye Kati, Sai Zuciya Ta Fito

Kawu,

Ni ɗan kabu-kabu ne a Gesheme, ina ɗaukar fasinja zuwa Tibiri, wani lokaci har Dogondutsi. Bara wani abokinmu ya dawo daga cin rani a Kwatano da wata karta da ake kira foka. Tun daga nan, idan an sha shayi a fada sai a shimfiɗa tabarma a zuba kuɗi. Kowa kati biyu ake ba shi, sannan a riƙa buɗe biyar a tsakiya.

Daren kasuwa da ya wuce ina riƙe da 9 da 7, duka masu alamar zuciya. An buɗe huɗu a tsakiya, biyu daga ciki zuciya ne, saura ɗaya in cika biyar iri ɗaya. Jika 6 ke kan tabarma, kowa ya janye sai ni da wani mai sayar da fetur a kwalba. Ya turo jika 6, iyakar abin da ke gabansa. Ni kuwa jika 6 da ke aljihuna na mai babur ne, da safe zan kai masa. Na daɗe ina kallon katin, hannuna na rawa, daga ƙarshe na ajiye. Sai mai rabawa ya buɗe na ƙarshe don a gani. Zuciya ce! Fada ta kwashe da dariya, har yau matsoraci suke ce mini, barci ya ƙaurace mini. Kawu, kuskure na yi? Ina tunanin sayar da dami biyu na hatsina in koma da kuɗin kaina, yadda ba zan ji tsoro ba.

Wani matashi, Gesheme

Ɗana,

Ba ka yi kuskure ba, kuma ba don lallashi na faɗa ba. Ɗauko alƙalami mu lissafa.

Kati 52 ne a karta, kowane iri 13. Ka ga shida: biyu a hannunka, huɗu a tabarma. Saura 46 da ba ka gani ba, zuciya 9 ce kawai a cikinsu, tunda huɗu sun riga sun bayyana. Tara cikin 46 kusan sau ɗaya ke nan cikin biyar. Abin da aka nema a wurinka shi ne ka zuba jika 6 don ka ci jika 12. Da za a maimaita wannan hannu sau biyar kana bi, sau huɗu za ka rasa jika 6, jimla 24, sau ɗaya ka ci 12. Asarar jika 12 ke nan. Kafin bin ya biya, sai zuciya ta riƙa fitowa sau ɗaya cikin uku. Kuma tunda mutumin ya turo duk abin da yake da shi, babu ƙarin da za ka tatsa daga baya. Ban ma sa yiwuwar yana riƙe da zuciya biyu da suka fi naka girma ba, domin 9 da 7 ƙananan kati ne. Da burga yake yi ma, wataƙila hannunsa ya fi naka a lokacin, tunda kai komai ba ka haɗa ba tukuna.

Waɗanda ke gasar foka ta duniya a Las Vegas ta Amurka, da ake yi tun 1970, ajiye yawancin katin da aka raba musu suke yi, ba wanda ke kiran su matsorata. Katin da ya fito bayan ka ajiye ba ya hukunta shawarar da ka yanke kafin ka gan shi.

Amma ka lura da wanda ya buɗe shi. Wasa ya ƙare, ba dalilin buɗewa sai don a sa maka ƙaiƙayi a rai ka dawo gobe da kuɗi. Ga shi kuwa har ka fara ƙirga damin hatsi.

Nan ne wasiƙarka ta tayar mini da hankali. Hannun nan ba shi da wuya, kuɗin mai babur ne ya sa shi wuya, shi ya sa hannunka ya yi rawa. Kana ganin na hatsi zai fi sauƙi, alhali hatsin ma ba naka ne kai kaɗai ba. Duk ɗan Arewa ya san yadda tiya ke araha da kaka, ta yi tsada idan damina ta kankama rumbu ya yi ƙasa. Za ka sayar a lokacin arha, ka zuba a tabarma, ka dawo ka saya da tsada. Tabarmar kuma ba ta haifar ko dala, kuɗinku ne ke zagayawa tsakaninku, idan akwai mai cire la'ada kullum raguwa suke. Hukuncin caca a addini ka san shi, yana Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91, inda aka haɗa ta da giya, aka ambaci gaba da ƙiyayyar da take jefawa tsakanin mutane. Dariyar da ake maka a fada farkon wannan ke nan.

Ka bar hatsin a rumbu. Kuɗin mai babur kuma ka riƙa kai masa da yamma kana ajiye aiki, kada su kwana a aljihunka. Idan kartar ce ke maka daɗi, ku buga ba kuɗi, ka ga mutum nawa za su zauna. Wanda ya sake ce maka matsoraci, ka tambaye shi kati nawa suka rage a lokacin, kuma zuciya nawa ce a ciki.

Kawu