Yaron da Ba Ya Amsa Kira

Sa'ad da muka je gwajin koyarwa a wata makaranta a Bako, cikin Yola, na tarad da wani yaro a aji biyu wanda ba ya amsa kira. Na ɗauka taurin kai ne, har na tsawata masa. Ashe ciwon kunne ke gare shi.

To, ga yad da abin ya ke. Bayan dodon kunne akwai wani ɗan ɗaki, da 'yar hanya wadda ta haɗa shi da maƙogwaro. Ta yara gajeriya ce, sabo da haka in mura ta kama su, musamman da hunturu, ƙwayoyin cuta kan bi ta su shiga, mugunya ta taru.

Malami ya lura da waɗannan alamu: zazzaɓi bayan mura, yawan taɓa kunne, kukan dare, rashin ji sosai, ko mugunya tana fita. Likita ne ke tabbatarwa: ya kan leƙa da 'yar fitila, ya ga dodon kunnen ya yi ja, ya kumbura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in mugunya ta kai kwana 14, ciwon ya zama daɗaɗɗe. In bayan kunne ya kumbura, a kai yaro asibiti ran nan.

Kada a cusa gashin kaza ko tsinken ashana. 'Yan'uwana malamai, kafin mu ce yaro daƙiƙi ne, mu fara tambaya ko yana jinmu.